ƘOSAN MASARA MAI YAJI: ABINCI A GIDA, RIBA A KASUWA

Kowace shekara, da zarar an kai masara gida, sai kuɗinta ya faɗi a kasuwa, gama kowa yana da ita, kowa kuma yana neman kuɗin makarantar yara da na biyan bashin taki. Sai mu sayar da araha, in damina ta kewayo mu saye ta da tsada. A gida kuwa, in ba tuwo ba sai kunu, in ba kunu ba sai fate, har yara su gaji. A wannan karo muna so mu bayyana wata hanya ta sarrafa masara wadda ba ta bukatar jari mai yawa, watau ƙosan masara mai yaji. Muna kiransa ƙosai domin a cikin mai ake sakinsa, ba a tanda ba kamar waina. Maganarmu duka ɗaya ce: masara ita kaɗai ba ta isa ba. Sai an zaɓi mai tsabta, an kuma haɗa ta da wake, sa'an nan za ta kama jikinta a kasko, ta kuma gina jikin mai ci.

MASARA A WURINMU

Masara ba 'yar ƙasa ba ce kamar dawa da gero. Asalinta daga ƙasar Meziko ne, inda aka fara nomanta wajen shekara 9,000 da suka wuce. Ba ta iso Afirka ba sai bayan shekara ta 1500. Masu nazarin harshe suna ganin sunan nan masara daga Masar ya fito. Kakanninmu a bayan gida suke shuka ta, a gasa a ci lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ba ta zama amfanin babbar gona a arewa ba sai a shekarun 1970, sa'ad da aka buɗe manyan ayyukan raya noma a Funtuwa da Gusau da Gombe, aka kawo taki da sabon iri daga cibiyar IITA ta Ibadan da cibiyar binciken noma ta Samaru. Tun daga nan tuwon masara ya shiga kusan kowane gida.

Soya garin masara kuwa ba sabon abu ba ne a duniya. Yarabawan Jihar Ogun suna murza shi siri-siri su soya ya bushe, suna kiransa kokoro. A kudancin Amurka suna kwaɓa shi da albasa su saka a mai, su ci da soyayyen kifi. Namu ya bambanta da nasu wajen wake da yaji.

DON ME ZA MU SA WAKE?

Dalilai biyu ne.

Na fari, garin masara ba shi da danƙo. Alkama tana da wani abu da ke sa ƙullu ya yi yauƙi ya riƙe kansa, masara kuwa ba ta da shi. Ran da muka fara gwada wannan ƙosai da matan wata ƙungiya, da ruwan sanyi kawai muka kwaɓa garin. Muna sakinsa a mai sai ya watse kamar yashi, ya ƙone a gindin kasko, muka yi hasarar gari da mai duka. Markaɗaɗɗen wake yana riƙe iska in an buga shi, yana kuma haɗa kan garin. Shi ke sa ƙosan ya tashi, ya yi laushi a ciki.

Na biyu ya fi muhimmanci. Masara tana ba da ƙarfin aiki, amma abin da ke gina jiki, wanda ake kira furotin, kaɗan ne a cikinta, wajen kashi 9 cikin 100. A cikin wake akwai wajen kashi 24, a waken soya kuwa kusan kashi 40. Ban da haka, furotin kamar ginin ɗaki ne da ke bukatar tubali iri-iri. Akwai iri biyu da masara ta gaza a kansu, ana kiransu laisin da tiriftofan. Wake yana da laisin da yawa, masara kuma tana da wani tubalin da wake ya gaza a kai. In an haɗa su, kowane ya cike giɓin ɗan'uwansa.

Wannan ba maganar takarda ba ce kawai. A shekara ta 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda take aiki a Ankara ta ƙasar Gana, ta bayyana wani ciwo da take gani a jikin yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara. Ƙafafunsu sukan kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta saɓule, yaro ya daina wasa. A 1935 ta kira ciwon da sunan da mutanen wurin suke kiransa, kwashiyoko. Har yau muna ganinsa a ƙauyukanmu, har a gidajen da rumbu yake cike. Cikin yaro ya cika, amma jikinsa bai sami abin gini ba.

FARA DA MASARA MAI TSABTA

Kafin mu hura wuta, sai mu duba masarar da za mu niƙa. In masara ta daɗe a ƙasa a gona, ko ruwa ya buge ta bayan girbi, ko an zuba ta a buhu ba ta bushe ba, takan yi fumfuna. Wata fumfunar tana haifar da guba mai suna afalatoksin. Gubar nan tana lalata hanta, tana kawo ciwon daji na hanta, an kuma ga tana tafiya tare da tsumburewar yara. A shekara ta 2004, a gabashin ƙasar Kenya, mutum 125 suka mutu bayan sun ci masara mai wannan guba. Abin lura shi ne, zafin tafasa ko na suya ba ya kashe ta. Yaji zai ɓoye warin ruɓaɓɓiyar masara, amma ba zai cire gubar ba. Wanda ya soya irin wannan ya kai kasuwa, 'ya'yan maƙwabtansa yake cuta, da nasa.

Ga abin da ya kamata mu yi:

1. Mu girbe masara da zarar ta ƙosa, kada mu bar ta zube a ƙasa.
2. Mu shanya ta a kan tamfol ko daɓe, ba a kan turɓaya ko gefen kwalta ba.
3. Mu gwada bushewarta. A zuba ƙwayoyi a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, masarar ba ta bushe ba. Ana so damshin da ke cikinta kada ya wuce kashi 13 cikin 100.
4. Mu tsince ta da hannu kafin niƙa. Duk ƙwayar da ta yi kore, ko baƙi, ko ta motse, ko ƙwaro ya huda, a fitar da ita. Kada a ba kaji ko shanu, gama gubar takan shiga nonon saniya. A binne ta ko a ƙone.
5. Mu ajiye a buhun PICS, mai leda 2 a ciki da buhu a waje, wanda ke kashe ƙwari ta hana su iska, ba sai an sa magani ba.

Masu son kare gonarsu tun daga fari suna iya neman Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta fitar. Ana watsa kilo 10 a kadada ɗaya, mako 2 zuwa 3 kafin masara ta yi fure. Gargaɗi kuma: irin shuka da aka shafa wa magani, mai launin ja ko kore, ba abinci ba ne, ko an wanke shi.

Surfe yana rage datti da guba, yana kuma sa gari ya daɗe bai yi wari ba. Amma in an matsa surfen, idon masara yakan tafi cikin dusa, shi ne kuwa wurin da mai da furotin mai kyau suke. Saboda haka a surfa sama-sama, a bakace, a wanke, a shanya, kana a kai inji. A ce wa mai inji ya niƙa da laushi, a tankaɗe. Tsakin da ya rage a rariya a ajiye don fate.

In za a samu, akwai irin masara da aka inganta furotin ɗinta, kamar Obatanpa da aka fitar a Gana a 1992, wadda ake kira SAMMAZ 14 a Nijeriya. Akwai kuma mai launin ruwan lemo, wadda aka fara fitarwa a Nijeriya a 2012, mai taimakon jiki da bitamin A don lafiyar ido. Dukansu suna yin ƙosai mai kyau.

KAYAN HAƊI

Ma'auninmu shi ne ƙaramin gwangwanin madara, domin kowane gida yana da shi.

- Garin masara, gwangwani 4
- Wake, gwangwani 1
- Albasa madaidaiciya 2
- Attarugu 3, ko gwargwadon bakin masu ci
- Tafarnuwa sala 3
- Dakakkiyar citta, rabin ƙaramin cokali
- Masoro ko kanumfari kaɗan
- Gishiri mai aidin, ƙaramin cokali 1
- Bakin hoda, ƙaramin cokali 2, ko ruwan jiƙaƙƙiyar kanwa kaɗan
- Ƙwai 1, in akwai
- Man gyaɗa na suya

Wannan zai ba da ƙosai wajen 35 zuwa 40, bisa ga girman cokalin da aka yi amfani da shi.

YADDA AKE YI

1. A jiƙa wake, a surfa, a wanke har ɓawon ya fita, kamar za a yi ƙosan wake. A markaɗa shi da albasa 1 da attarugu da tafarnuwa. Kada a cika ruwa.

2. A yi talge. A tafasa ruwa gwangwani 2, a dama garin masara gwangwani 1 da ɗan ruwan sanyi, a zuba a ciki ana juyawa da muciya har ya yi kauri, kamar minti 3. A sauke, a bar shi ya huce. Wannan mataki shi ne sirrin aikin. Zafi yana sa garin ya kumbura ya yi danƙo, shi ne zai riƙe sauran ɗanyen garin.

3. A buga markaɗaɗɗen waken da muciya ko maburgi, kamar minti 5, har ya yi fari ya tashi.

4. A haɗa talgen da ya huce, da waken, da sauran gari gwangwani 3. A fasa ƙwai a ciki, a sa citta da masoro. A riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa. Ƙullun da ya yi daidai shi ne wanda zai tsaya a cokali, in an karkata ya faɗi a dunƙule. In yana zuba kamar koko, ruwa ya yi yawa, sai a ƙara gari. In sai an yanke shi da hannu kamar tuwo, ya yi tauri, sai a ƙara ruwa.

5. A rufe, a bar shi minti 20 zuwa 30 domin garin ya sha ruwa. In an tsallake wannan, za a ji ƙosan yana gardin ɗanyen gari a baki.

6. Dab da suya a yanka ɗaya albasar ƙanana a zuba, a sa gishiri da bakin hoda, a juya sau ɗaya. In kanwa ce, a yi hankali. In ta yi yawa ƙosan zai yi duhu, ya yi ɗaci, tana kuma rage amfanin abincin.

7. A zuba mai a kasko, zurfinsa ya kai tsawon yatsa, yadda ƙosan zai yi iyo. Amma kada mai ya wuce rabin kaskon.

8. A riƙa ɗiba da cokali ana saki a hankali daga gefe. Kada a cika kasko, gama mai zai huce. In ƙasan ya yi ja, a juya. Duka-duka minti 4 zuwa 5 ya isa. A tsame, a sa a kwando ko matsami mai ya tsane.

A fasa na fari a duba. In cikinsa ya nuna, a ci gaba. Ƙanana sun fi manya, domin masara tana jinkirin nuna fiye da wake.

ZAFIN MAI

Yawancin hasarar mai suya daga wuta take fitowa. Zafin da ake so shi ne digiri 175 zuwa 180 a ma'aunin Selshiyas. Ba mu da ma'auni a madafa, amma ƙullun da kansa zai gaya mana. A ɗiga kaɗan a cikin mai. In ya nutse ya zauna a ƙasa, mai bai yi zafi ba. In ya nutse ya taso nan da nan yana kumfa, ya yi daidai. In ya yi baƙi tun bai nutse ba, ko mai yana hayaƙi, wuta ta yi yawa, sai a zare itace.

Dalilin shi ne, in mai yana da zafi sosai, bayan ƙosan yakan ƙafe da sauri ya yi ɓawo, tururin da ke fita daga ciki kuma ya tare mai. In mai bai yi zafi ba, ƙosan zai daɗe a ciki yana shan mai kamar soso. Mai kuwa shi ne mafi tsada cikin kayan nan. Wadda take suya da sanyin wuta, ribarta ce take tafiya cikin ƙosai.

Bayan suya, a bar mai ya huce, a tace shi da tsabtataccen ƙyalle, a rufe a kwalba, a ajiye inda rana ba ta kai. In ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa ko wari, ya gama aiki, kada a ƙara soya abinci da shi.

In kasko ya kama wuta, kada a zuba ruwa, gama wutar za ta tashi sama ta fantsama. A rufe da murfin ƙarfe, a zare itace. Kada a yi suya da goyo yana leƙe, kada kuma a bar yara suna wasa kusa da murhu.

IN AN SAMI MATSALA

- Yana watsewa a mai: talge bai yi kauri ba, ko ruwa ya yi yawa. A ƙara gari, ko ƙwai, ko cokali 2 na fulawa.
- Ya yi tauri kamar dutse: ba a buga wake sosai ba, ko ƙullu ya bushe.
- Baya ya ƙone, ciki ɗanye: wuta ta yi yawa, ko an ɗiba da girma.
- Ya yi tsami: ƙullun ya daɗe a zafin rana. A kwaɓa abin da za a soya cikin sa'a 2 kawai.

SAUYE-SAUYE DA ABIN DA KE GIDA

In babu wake, a sa garin waken soya gwangwani 1, amma sai wanda aka dafa ko aka soya kafin niƙa, domin ɗanyen waken soya yana hana abinci narkewa. Dakakken ƙuli-ƙuli ma yana yi, muddin daga tsintacciyar gyaɗa aka yi shi, gama fumfunar da ke kama masara tana kama gyaɗa. Ana iya yanka ganyen zogale ko alayyafo ƙanana a zuba, ko a sa dakakken busasshen kifi, ko ɗan daddawa don ƙanshi. Da damina, a goge ɗanyar masara a haɗa da garin, tana ƙara zaƙi da laushi.

Don yara ƙanana, a ɗebi nasu ƙullun kafin a sa attarugu. Yaron da ya fara cin abinci, a marmasa masa a cikin kunu. Jariri kuwa, har ya kai wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Mu tuna kuma, ƙosai abin taɓawa ne, ba ya maye gurbin tuwo da miyar ganye. Yaron da ƙafafunsa suka riga suka kumbura, asibiti za a kai shi ba da jinkiri ba, ba ƙosai ne maganinsa ba.

IN ZA A KAI KASUWA

Da zafinsa ya fi daɗi, tare da yajin ƙuli da koko ko kunu. Saboda haka ya fi kyau a soya a wurin sayarwa: bakin tasha, ranar kasuwa, ko kusa da gonar da ake gayya. A rufe shi saboda ƙuda da ƙura. A ɗauka da cokali mai yatsu, kada hannun da ya karɓi kuɗi ya taɓa abinci. Kada a ƙunsa a tsohuwar jarida, domin mai yana jan tawada. Ganyen ayaba ko farar takarda mai tsabta sun fi. Wanda ya kwana, a sāke ɗumama shi sosai a ci a gida, kada a cuɗa shi da sabo a sayar.

Sa'an nan a yi lissafi, gama ciniki da yawa ba shi ne riba ba. A sami littafi a rubuta kuɗin masara bisa ga yadda ake sayar da ita a kasuwa ran nan, ko da daga rumbunmu ta fito. A rubuta wake, niƙa, kayan yaji, itace, da man da ya ragu a kwalba bayan suya. A sa ladan wadda ta yi aikin. A tara duka, a raba da yawan ƙosan da aka samu. Abin da ya fito shi ne kuɗin guda ɗaya. In ana sayarwa ƙasa da haka, kyauta ake yi ba a sani ba.

A nan ne ƙungiya take da amfani, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya tana iya ware buhu 2 ko 3 na tsintacciyar masara da buhun wake tun da kaka, ta sayi mai da jarka maimakon kwalba-kwalba, mata kuma su riƙa karɓa-karɓa a ranakun kasuwa. A naɗa mutum biyu masu duba masara kafin a kai inji, a ba su iko su mai da duk wadda ba ta yi ba, ko ta shugaba ce.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta gwada gwangwani 4 ɗin nan a taronta na gaba, a ci, a ga inda za a gyara, kafin a sa jari. Wanda ya ga kuskure ko ya sami dabara mafi kyau, sai ya faɗa wa malamin gona na yankinsa domin sauran 'yan'uwa su ƙaru.